'Yan Tallan Jajibirin Sallah

Duk shekara idan azumi ya kai kwana ashirin, ba sai an gaya mini waɗanda zan tarar a ƙofar gidan rediyon da nake aiki ba. 'Yan kasuwarmu ne na Adjamé da Treichville, kowa da 'yar takardarsa a hannu. Ga mai shadda, ga mai atamfa, ga mai takalma, ga tela, har da mai sayar da wayoyi. Kowa so yake a sa masa talla yau, a maimaita gobe, don mutane su yi masa ca kafin Sallah. Mu karɓi kuɗi, mu karanta tallan kwana bakwai ko goma. Ana saukowa daga Idi sai su ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke, ba za ka sake jin ɗuriyarsu ba sai layya ta ƙarato. In kuka haɗu da ɗayansu a masallacin Juma'a ka ce, "Alhaji, ya muka ji ka shiru?" amsar ba ta canzawa: "Ai malam, tallan nan ba ya aiki. Kuma ni ina na ga lokaci?"

Wannan amsar ta ishe ni. Kuma kafin wani ya ce ciniki nake nema wa gidanmu, bari in faɗa tun yanzu cewa rububin jajibiri riba ce gare mu, kuma abin da zan kawo a nan ba ya bukatar a biya gidan rediyo ko dala.

Halin da suke nuna mana shi suke nunawa a wayoyinsu. Ka buɗe WhatsApp da daddare ana saura kwana biyar Sallah, ka ga Hajiya ta zuba hotuna arba'in a sitatus, layin nan na sama ya zama ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ba farashi, ba bayanin inda shagon yake, rabin hotunan ma daga shafin wani aka kwaso su. Wa zai tsaya ya kalli hoto arba'in? Bayan awa 24 duk sun goge, don haka aka tsara sitatus tun da aka ƙirƙiro shi a 2017. Daga nan Hajiya ta yi tsit wata uku. Ranar da ta dawo sai ta ce mutane ba su da kirki, suna kallo ba sa saye. Hajiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda za ta sayi leshin Sallah a wurinki ta yanke shawara tun cikin Sha'aban, kuma wurin wadda take gani kullum za ta je.

Talla alkawari ne tsakaninka da mai saye. Kana ce masa ne, ina nan, a wuri kaza, rana kaza za ka ji ni. Wanda ya cika wannan alkawarin sau hamsin da ƙaramin abu ya fi wanda ya yi gagarumin abu sau ɗaya ya ɓace. Da kaina na koyi wannan, kuma da zafi na koye shi. Ina sabon shiga aiki aka ba ni shirin Hausa na yammacin Lahadi. Cikin 'yan watanni waya ta fara ruwan kira, na fara jin kaina. Sai bikin ƙanwata ya taso a gida, na tafi mako uku ban ajiye shiri ko ɗaya ba, ban kuma roƙi wani ya zauna a kujerata ba. Aka cike lokacin da kiɗa. Da na dawo na buɗe layi, na yi ta maimaita lambar waya, shiru. Washegari na bi ta wurin masu albasa a Adjamé, wani dattijo da ba ya fashin kirana ya dube ni ya ce, "Ɗana, sau biyu muka zo muka tarar da ƙofa a rufe. Na uku sai muka nemi wani gida." Sai da na yi watanni ina lallashi kafin su dawo, wasu kuma har yau ban sake jin muryarsu ba.

Ku tambayi kanku abin da ya sa tun 1957 da BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa, Bahaushe yake daidaita safiyarsa da darensa da rediyo. Akwai ranar da labaran suke da daɗi, akwai ranar da ba su da armashi. Amma duk ranar da ya murɗa akwatinsa a lokacin da aka saba, zai tarar da su.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a duk garin Abijan mu ne bai kamata a koya wa wannan darasi ba. Dubi garba, wato aceke da soyayyen kifin ton, wanda ɗalibi da lebura da ma'aikacin ofis suke layi a kansa. 'Yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi, har ake cewa daga sunan Garba abincin ya samo sunansa. Dubi mai shayi da burodi, wanda mutanen gari ba su da wani suna da suke kiransa da shi sai "aboki". Wane allo suka kafa? Wane ɗan wasa suka biya ya yabe su? Tallansu ɗaya ne: ko ana ruwa ko ana iska, ka fito a lokacin da ka saba, za ka tarar da wuta a kunne da mai yana tafasa. Iyayenmu da suka riƙa kai goron Anyama har Kano, suna sauko da albasar Galmi har kasuwannin nan, da cika alkawari suka yi suna. Mai shago a yau bai taɓa cewa, "Wannan makon ba ni da lokacin buɗe ƙofa" ba. To me ya sa ƙofarsa ta cikin waya ce kawai yake ganin za a iya garƙame ta wata uku ba a yi asara ba?

Wani zai ce ai kasuwa tana nan inda take, mai so zai zo. Da haka ne, amma yanzu kiɗa ya canza. Matar da ke Yopougon ko Koumassi ba ta son ɓata rabin yini cikin cunkoso don turmin atamfa ɗaya. Ta fi son ta gani a waya, ta tura kuɗi ta Wave ko Orange Money, ɗan aike ya kawo mata a kan babur. Sannan shi kansa wurin zaman ba shi da tabbas. Dattawan Treichville ba su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwarsu a 1997 ba. A watan Afrilun 2024 kuma hukumomin birnin suka hana kasa kaya da yawon talla a manyan tituna. Ba zancen dokar na zo yi ba, abin da ta tona nake so mu duba.

Kawuna ya shekara kusan ashirin yana sayar da takalma a kan tebur kusa da titin Nangui Abrogoua. Mutum ne mai gaskiya, ba ya ha'inci, yana da masu saye waɗanda tun suna 'yan makaranta suke zuwa wurinsa har suka fara kawo 'ya'yansu. Da zama a wurin ya gagara, ya samu wani lungu can ciki ya koma. Sai ga shi ba shi da lambar mutum goma daga cikin duk waɗannan mutane, su ma ba su da tasa. Suna ya yi, amma sunan a jikin wancan teburin yake manne. Kusa da shi akwai wata yarinya mai sayar da mayafai, wadda ba ta kai shekara uku a wurin ba. Ita duk wanda ya saya sai ta karɓi lambarsa ta ba shi tata, kuma kowace Litinin da Alhamis sai ta sa hoto uku ko huɗu da farashinsu. Kawu har tsiya yake yi mata, wai ta bar kasuwa tana wasa da waya. Ranar da suka tashi, saƙon murya ɗaya ta yi, da Hausa da Julanci da ɗan Faransancinta: na koma wuri kaza, mai son kaya ya kira. Makon bai ƙare ba ɗan aike yake ta zirga-zirga a ƙofarta. Kawu kuwa a watannin nan sai da muka haɗa masa kuɗin makarantar yara. Na sha jin kunyar wannan labari, domin ni da nake wa'azin talla a rediyo ban taɓa zama na minti goma na adana masa lambobi a wayarsa ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban takaici. Tun ranar 31 ga Janairun 2021 lambobin waya a Kodebuwa suka tashi daga takwas suka koma goma. Ka zaga layukan Treichville ka ɗaga kai, za ka ci karo da allunan shaguna da har yanzu tsohuwar lamba mai takwas ce a jiki. Mai shagon yana ciki yana kukan babu ciniki, alhali allon da ke saman kansa yana tura mutane lambar da ba ta shiga.

Yanzu mu zo ga babban uzurin, wato rashin lokaci. Na yarda ɗan kasuwa a garin nan yana shan wahala. Ya fito tun asuba, ya sauke kaya, ya yi ciniki da mai saye, ya bi bashi, ya biya haraji, ya koma gida a gajiye. Ban raina wannan ba. Amma ni ma ina shiga kasuwa, ina kuma da ido. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana ta take kasuwa ta lafa, me ake yi a bakin shaguna? Ana musun ƙwallo, ana kallon bidiyon barkwanci a TikTok, ana tura wa juna saƙonnin da ba a san asalinsu ba. Lokacin gasar cin kofin Afirka da aka yi a nan farkon 2024, wadda Kodebuwa ta ci Najeriya biyu da ɗaya a wasan ƙarshe, ban ga wanda ya rasa lokaci ko data na sa sitatus ba. Har waɗanda suke ce mini ba su iya waya ba, a daren nan sun iya. Wanda ya samu awa guda na musun wa ya fi iya buga ƙwallo, bai rasa minti goma na ɗaukar hoton kayansa ba. Abin da ya rasa shi ne ɗaukar tallan a matsayin aiki. A ransa wasan yara ne, shi ya sa sai ya ga dama yake yi.

Wasu kuma tsoron baki suke yi. Kada a ga kayansu a yi musu hassada, ko maƙwabci ya ga farashi ya karya. To ai kayan nan a rataye suke a ƙofar shago tun safe har dare, duk mai wucewa yana gani. Maƙwabcinka kuwa ya riga ya san farashinka, yaronsa ma ya sani. Mutum ɗaya ne kake ɓoye wa farashi, shi ne mai son saye. Ka yi addu'arka, ka nemi tsari, ka sa kayanka a gani. Masu cewa arziki na Allah ne, gaskiya suka faɗa, babu mai ja. Sai dai ban ga wanda ya kwanta a gida ya bar shago a rufe don arziki na Allah ne ba. Tun muna makarantar allo aka nuna mana darajar ƙaramin aikin da ake dawwama a kansa, kuma ban ji an ce ban da kasuwa ba.

Akwai wani dalilin da ya shafi Abijan musamman. Gari ne da kowa yake tsoron 'yan damfarar intanet, waɗanda ake kira burutar. Kafin mutum ya tura kuɗinsa ga wanda bai gani ba, sai ya yi bincike. Me yake dubawa? Yana duba ko shafin nan ya daɗe, ko makon jiya an sa kaya, ko hotunan a cikin shago ɗaya aka ɗauke su, ko akwai muryar mutum da fuskarsa. Shafin da ya bayyana jajibirin Sallah da hotunan aro, ya ɓace bayan Idi, kamanninsa ɗaya da na ɗan damfara, ko da mai shi limami ne. Dawwamarka ita ce shaidarka a wurin wanda bai san gidanku ba.

Amma kada a ɗauka 'yan kasuwa kaɗai na zo yi wa faɗa. Rabin laifin yana kan wasu samari masu kwat da suke kiran kansu ƙwararrun talla, suna tara mutane a ɗakin taro suna karɓar kuɗin shiga. Na halarci irin wannan zama sau ɗaya. Aka ce wa mata masu sayar da turaren wuta da dattawa masu shadda wai dole su sa abu sau uku a rana, a Facebook da Instagram da TikTok, su yi bidiyo suna rawa, su sayi fitilar ɗaukar hoto, su rubuta jadawalin wata guda da Faransanci. Wanda ya tsara wannan bai taɓa tsayuwa a shago daga safe zuwa magariba ba. Mutum ya fita da zafinsa, ya yi kwana huɗu yana fama, rana ta biyar kaya su iso daga tashar jirgin ruwa, shi ke nan an gama. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa abin ba nasa ba ne. Waɗannan samari sun ɗora wa mutane kayan da ya fi ƙarfinsu, suka faɗi, sannan suka ce musu ragwaye. Su da 'yan jajibiri cutarsu ɗaya ce, duk sun ɗauka yawa shi ne magana.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni ba shi da wuya, kuma daga aikin rediyo na ɗauko shi. Ka zaɓi wuri ɗaya, inda masu sayenka suke. Ga yawancinmu WhatsApp ne. Ka zaɓi rana biyu a mako, ka tsayar da lokaci, ka ɗaure shi a jikin abin da ba ka fashinsa, misali bayan sallar azahar. In biyu sun yi maka yawa, ka yi ɗaya. Ka auna da makon da ka fi kowane mako wahala, abin da za ka iya yi a wannan makon shi ne ma'auninka. Hoto uku sun isa, na kayanka na gaske, a cikin hasken rana, da farashi da kwatancen shago. In rubutu yana ba ka wahala, ka yi magana. Saƙon murya na rabin minti ya fi dogon rubutu shiga, tunda da yawa daga masu sayenmu sun fi gane ji a kan karatu, kuma mu mutanen baka ne tun asali.

Ranar da sabon kaya ya sauka, kafin a jera shi, ka ɗauki hotuna da yawa ka ajiye, ka riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan. Mu ma haka muke naɗar shiri mu ajiye saboda ranar tafiya, darasin da bikin ƙanwata ya koya mini. In kana da yaron shago, ka sa wannan cikin aikinsa kamar shara da jera kaya, ka kuma riƙa dubawa. Sannan ka sani, sitatus ɗinka ba ya isa ga kowa sai wanda ka adana lambarsa shi ma ya adana taka. Saboda haka duk wanda ya saya, ku yi musayar lamba kafin ya juya. In kaya sun ƙare ka faɗa, in farashi ya tashi ka faɗa. Wanda ya turo tambaya ka amsa masa a ranar, domin tallan da aka yi ba a amsa mai tambaya ba, kamar ka kira baƙo ne ka shige ɗaki ka kulle.

Kada kuma ka miƙa wa waya dukkan amanarka. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar nan tamu, aka wuni ana neman layi. Waya tana faɗuwa, ana sace ta a tasha. Ka sayi littafi na ɗari biyu ka rubuta sunaye da lambobin manyan masu sayenka da biro. Ko intanet ta tafi, kira yana nan.

Ban ce wannan zai cika maka shago a mako biyu ba, duk wanda ya yi maka wannan alkawarin kuɗinka yake so. Watan farko za ka ga kamar da bango kake magana. Mutane suna kallo, ba sa cewa komai. Ni ma shekara nawa ina magana a ɗaki ni kaɗai da makirfo, ban san wa yake ji ba, sai in shiga gbaka direba ya gane muryata. Mai kallon nan da bai ce uffan ba, ranar da bikin 'yarsa ya taso, sunan da ya fi gani shi zai fara faɗo masa. Da yayyafi kogi kan cika.

Kawu yanzu yana da littafinsa, ɗansa na biyu ne yake sa masa hotuna ranar Talata da Asabar, kuma ya daina yi wa mai mayafai tsiya. Bai koma inda yake a da ba, amma bana shi ya biya kuɗin makaranta da kansa. Ku kuma 'yan jajibiri, na san azumi yana kaiwa ashirin zan gan ku a ƙofa da takardunku. Zan karɓe ku hannu biyu, zan kuma karanta tallanku da muryar da ta fi daɗi. Amma kafin in karɓi kuɗin, sai na ce, "Alhaji, miƙo wayar in ga abin da ka sa ranar Litinin da ta wuce."